Gidan Limamin Haworth: An Sayar Da Teburinsa A Gwanjo, An Sake Sayo Shi Bayan Shekara 154

A watan Oktoban 1861 mai gwanjo ya shiga gidan limamin cocin Haworth, wani ƙauye da ke kan tudu a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, ya kwana biyu yana sayar da duk abin da ake iya ɗagawa. Kujeru, gadaje, kayan girki, littattafai, har da teburin cin abinci, kowanne ya bi wanda ya fi tayawa. Mai gidan, Rabaran Patrick Brontë, ya rasu a watan Yunin shekarar yana da shekara 84, bayan matarsa da 'ya'yansa shida duk sun riga shi. Wanda ya rage a gidan shi ne surukinsa Arthur Bell Nicholls, mijin marigayiya Charlotte, wanda ya yi shekara 16 yana mataimakin liman, kuma ya ɗauka cewa shi zai gaji kujerar. Amintattun cocin suka zauna suka zaɓi wani. Da yake gidan na muƙami ne, ba na iyali ba, sai Nicholls ya tattara abin da ya ga zai iya riƙewa, ya koma ƙasarsa Ireland, sauran kuma aka watsar.

A kan wancan tebur ne aka yi mafi yawan aikin littattafai uku da suka fito a 1847, wato Jane Eyre na Charlotte, da Wuthering Heights na Emily, da Agnes Grey na Anne. Ɗaliban Nijeriya da suka zauna jarrabawar adabin Turanci ta WAEC tsakanin 2021 da 2025 sun san na biyun, domin yana cikin littattafan da aka ɗora musu. A 2015 sai da asusun ƙasa na ceto kayan tarihi na Birtaniya ya fitar da fam 580,000 kafin teburin ya koma ɗakin da aka fitar da shi. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, 1861 da 2015, akwai labarin yadda Ingila ta koyi kare tsofaffin gine-ginenta, da kuma iyakar abin da doka take iya karewa.

Gidan da ba na mai shi ba

An gina gidan tsakanin 1778 da 1779 domin Rabaran John Richardson. Lokacin ya zo daidai da wani yunƙuri na gina wa limaman ƙauye gidaje masu kyau, domin a 1776 majalisar dokoki ta yi dokar da ta ba liman damar cin bashi a kan kuɗin shigarsa ya gina ko ya gyara gidan da zai zauna, daga wani asusu da Sarauniya Anne ta kafa a 1704 don tallafa wa limamai marasa galihu. Kafin haka limamai da yawa ba sa zama a ƙauyukan da aka tura su, suna fakewa da cewa babu gidan da ya dace da su.

Turawan Ingila suna da sunaye daban-daban ga gidan liman, gwargwadon matsayinsa a rabon ushiri. Akwai limamin da ke karɓar ushirin amfanin gona gaba ɗaya, akwai wanda ke samun ƙaramin kaso domin babban kason ya tafi ga wani, akwai kuma na uku wanda ba shi da ushiri sai abin da aka yanka masa. Patrick Brontë na rukuni na uku ne. Haworth reshe ne na ikilisiyar Bradford, albashin limaminsa kuma yana fitowa ne daga hayar gonakin da wasu amintattu na ƙauyen suke riƙe da su tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Wannan ya ba su ƙarfin da suke ji da shi. A 1819 babban limamin Bradford ya naɗa Patrick ba tare da ya shawarce su ba, suka ce ba za su biya ba, Patrick ya janye. Aka turo wani mai suna Samuel Redhead, mutanen ƙauye suka tayar masa da hatsaniya a coci har ya bar aikin cikin 'yan makonni. Sai da aka koma aka yi naɗin tare da amintattun sannan Patrick ya iso da iyalinsa daga Thornton a watan Afrilun 1820. Abin da yake samu a shekara bai kai fam 200 ba, amma ba ya biyan haya.

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a gidan gwamnati zai gane inda gizo ke saƙa. Muddin uba yana numfashi, akwai rufi a kan 'ya'yansa. Ranar da ya faɗi, sai a ba su wa'adin kwashe kaya. 'Yan matan Brontë sun tashi da wannan sanin. Shi ya sa suka fita koyarwa a gidajen masu kuɗi duk da ba su son aikin, shi ya sa Charlotte da Emily suka je Brussels a 1842 neman ƙarin ilimin harsuna da niyyar buɗe makaranta, shi ya sa kuma, lokacin da yanar ido ta kusa makantar da mahaifinsu, Charlotte ta kai shi Manchester a 1846 aka yi masa aiki. A ɗakin hayar da take jinyarsa a can ta fara rubuta Jane Eyre. Ana yawan bayyana rubutunsu a matsayin abin da kaɗaicin tuddai ya haifar, amma tsoron rasa matsuguni yana da nasa kason a ciki.

Shi kansa ginin ba wani abin mamaki ba ne, kuma a nan darajarsa take ga masana gine-gine, domin misali ne tsantsa na gidan mai matsakaicin hali a ƙarshen ƙarni na 18. Bene ne hawa ɗaya, an gina shi da dutsen yankin mai kaushi wanda hayaƙin masaƙu ya baƙanta, rufinsa ma falalen dutse ne. Fuskarsa a daidaice take: ƙofa a tsakiya, taga biyu a dama, biyu a hagu, biyar a sama, dukansu irin masu zamewa sama da ƙasa, an rarraba gilashinsu ƙanana-ƙanana. Adon da aka yi masa kaɗai shi ne ginshiƙai biyu na dutse a gefen ƙofa da wani ɗan kambu mai kusurwa uku a samanta. Bututun hayaƙi ɗaya a kowane ƙarshe. Magina na ƙauye ne suka yi shi, suna bin ƙa'idar daidaito da ta zo daga manyan gidajen birni, amma da kayan da suka samu a gabansu.

Idan mutum ya shiga, zaure ne mai daɓen falalen dutse. A dama ɗakin karatun Patrick, inda yake ganin mutanen ikilisiya, yake kuma yawan cin abincinsa shi kaɗai. A hagu ɗakin cin abinci, wanda shi ne falon iyali. Bayan ɗakin karatu akwai ɗakin girki, bayan falo kuma wani ɗan ɗakin ajiya. Matattakalar dutse ta hau sama, a tsakiyarta akwai doguwar agogo da Patrick yake ɗaura wa zare kowane dare da ƙarfe tara a kan hanyarsa ta zuwa barci. Bayan ya hau ne 'yan matan suke ajiye ɗinki, su yi ta zagaya teburin suna karanta wa juna abin da suka rubuta. A sama akwai ɗakunan kwana, da wani ƙuntataccen ɗaki a saman zaure inda yaran suke wasa da karatu. Ƙawar Charlotte, Ellen Nussey, wadda ta fara zuwa gidan a 1833, ta bar bayanin cewa babu labule a tagogi domin Patrick yana matuƙar tsoron gobara, bangon kuma ba a manna masa takardar ado ba, fenti ne kawai mai launin toka.

Sai maƙabarta. Ta kewaye gidan ta gefe biyu, kuma tana sama da mafi yawan gidajen ƙauyen, ruwan da ke tsiyayewa daga cikinta yana gangarawa zuwa inda mutane suke ɗiban na sha. Patrick ya yi ta rubuta koke zuwa hukumar lafiya a Landan har aka turo sufeto, Benjamin Herschel Babbage, a 1850. Rahotonsa ya nuna cewa matsakaicin shekarun da mutum yake mutuwa a Haworth 25.8 ne, kuma fiye da kashi 41 cikin 100 na yara ba sa kai shekara shida. Gidan liman bai tsira ba. Uwar yaran ta rasu a 1821, manyan 'yan mata biyu a 1825, Branwell da Emily a 1848, Anne a 1849, Charlotte a 1855 tana da juna biyu, wata tara da aurenta.

Wa ya ɓata gidan?

Masu ƙaunar iyalin Brontë sun daɗe da samun wanda za su ɗora wa laifi, shi ne Rabaran John Wade, wanda ya karɓi gidan a 1861 ya zauna har 1898. A 1878 ya jingina wa gefen arewa na gidan wani babban sashe mai hawa biyu, mai tsinin rufi da manyan tagogi irin na zamanin Sarauniya Victoria, wanda ya fi tsohon ginin tsawo, ya kuma karya daidaiton fuskarsa. Don a samu hanyar shiga sabon sashen, ɗakin girkin da Emily take kwaɓa burodi tana karatun Jamusanci ya koma kusan lungun wucewa, ƙaramin ɗakin wanki da ke bayansa kuma aka rushe. Shekara guda bayan haka aka rushe cocin kanta, aka bar hasumiya kawai, aka gina sabuwa wadda aka gama a 1881. Kujerar iyalin Brontë ta tafi tare da tsohon ginin. Jaridu sun yi ca, amma babu wata doka da za ta hana.

Adalci dai shi ne a ce Wade gida aka ba shi ya zauna, ba wurin ziyara ba. Tun da Elizabeth Gaskell ta fitar da tarihin rayuwar Charlotte a 1857 baƙi suke ta kwararowa suna leƙen tagogi, gidan kuwa ga sanyi ga laima ga ƙunci. Kuma ba shi ya fara taɓa shi ba. Charlotte ce da kanta, da kuɗin littafi suka fara shigowa, ta sa aka matsa bangon falo aka ci wani ɓangare na zaure a 1850, wanda ya sa ɗan ɗakin yara na sama ya ƙara ƙuntata. Ita ta kawo labule da takardar bango. A 1854 ta mayar da ɗakin ajiya ya zama ɗakin karatun angonta, aka sa masa murhu. Wato gidan da aka rubuta Wuthering Heights a cikinsa ya riga ya sauya tun Charlotte tana raye. Wanda ya ce a mayar da gidan yadda yake, sai a tambaye shi: yadda yake a wace shekara?

Wannan tambaya tana da tarihi a Ingila. A 1877, shekara ɗaya kafin Wade ya ɗora sashensa, William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda hujjarta ita ce kowane zamani yana barin sawunsa a jikin gini, kuma kankare sawun da sunan komawa asali ƙarya ce ake ginawa da dutse. A ƙarshe wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye a Haworth. Sashen Wade yana nan, a cikinsa ne aka sa ɗakin bincike da zauren baje kayan tarihi, kuma ba don shi ba da sai an cusa akwatunan gilashi a cikin ɗakunan da iyalin suka zauna. Abin da aka kira ɓarna shi ne ya ba tsohon gidan sararin numfashi.

Ceton gidan ma ba daga gwamnati ya zo ba. An kafa Ƙungiyar Brontë a 1893, ta buɗe ɗan gidan tarihinta a 1895 a saman wani banki da ke kan babban titin ƙauyen, ta yi shekara fiye da talatin tana hangen gidan liman daga nesa. A 1928 hukumomin coci suka yarda su sayar domin su gina wa liman sabon gida. Sir James Roberts, ɗan yankin da ya tashi cikin talauci ya zama mai babbar masaƙar Saltaire, ya biya fam 3,000 ya miƙa wa ƙungiyar, aka buɗe shi ga jama'a ranar 4 ga Agustan 1928. Da wani ne ya saya don ya zauna, ko ya rushe ya yi wani abu da filin, babu wanda zai tuhume shi. Haka ta faru da gidan liman na Steventon inda aka haifi Jane Austen a 1775, ta kuma zauna har 1801: ɗan'uwanta ya rushe shi a shekarun 1820 ya gina sabo a wani wuri, yau fili ne kawai. Na Epworth, inda John Wesley ya tashi, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1709, ya tsira ne domin mabiya ɗarikar Methodist sun saye shi a 1954.

Abin da doka ta rufe da abin da ta bari a buɗe

Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ne suka tilasta wa Birtaniya ta zauna ta rubuta jerin gine-ginen da bai kamata a rasa ba, domin ana bukatar sanin wanne za a gyara, wanne za a share. Dokokin tsara birane na 1944 da 1947 suka mayar da jerin wajibi. Dokar da ke aiki a Ingila yanzu ita ce ta 1990. Ministan al'adu ne ke sa hannu, bisa shawarar hukumar Historic England, kuma kowane ɗan ƙasa yana iya neman a saka wani gini. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700 wanda bai sauya sosai ba yana shiga, haka mafi yawan na tsakanin 1700 da 1850. Matakai uku ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na ƙasa, kimanin kashi 2.5 kawai suke mataki na ɗaya. Gidan Haworth yana mataki na ɗaya, sahu guda da manyan majami'u da fadoji, kuma a bayyane yake cewa waɗanda suka zauna a ciki ne suka kai shi can, ba ƙofarsa da tagoginsa ba.

Da zarar gini ya shiga jerin, kariyar ta haɗa ciki da waje, da duk abin da ke kafe a jikinsa kamar murhu da matattakala da ƙofofi, har da katanga ko rumbun da ke harabarsa tun kafin watan Yulin 1948. Sashen Wade ma ya shiga. Mai gini ba zai sauya wani abu da ya shafi kamanninsa na tarihi ba sai da izini a rubuce daga ƙaramar hukuma, a nan majalisar Bradford, kuma idan ginin na manyan matakai ne dole a sanar da Historic England. Idan maganar rushewa ce, ko da ta wani ɓangare, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da doka ta ce a ji ta bakinsu, ciki har da waccan ta Morris, da wadda ke kula da gine-ginen ƙarni na 18, da wadda ke kula da na zamanin Victoria. Yin aiki ba da izini ba laifi ne da kan kai ga tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, kuma rashin sanin cewa ginin yana jerin ba hujja ba ne. Idan mai gini ya bar shi yana lalacewa da gangan, hukuma tana iya yin gyaran gaggawa ta aika masa da takardar biya, ko ta bi matakan karɓe shi.

Akwai wani saƙo na dokar da ya shafi gidajen limamai kai tsaye. Majami'un da ake ibada a cikinsu an keɓe su daga neman izinin ƙaramar hukuma, domin manyan ɗariku suna da nasu tsarin na cikin gida. Amma dokar ta fito fili ta ce gidan da liman yake zaune ba ya cikin wannan keɓewa. Coci tana iya yanke hukunci a kan bagadinta, gidan limaminta kuwa sai ta bi layi kamar kowa.

Duk da haka, dokar bango take karewa. Ba ta hana a sayar da gini, ba ta tilasta a ci gaba da amfani da shi yadda aka saba, ba ta kuma ce komai a kan tebur ko kujera ko takarda. A ƙarni na 20 Cocin Ingila ta sayar da dubban tsofaffin gidajen limamai, tana cewa sun yi girma, ɗumama su a lokacin sanyi ya fi ƙarfin albashin liman, gyaransu kuma ya fi ƙarfin ikilisiya. Hujjar ba ta rasa gaskiya. Sakamakon shi ne tsohon gidan liman ya zama abin da attajirai suke rububi, gine-ginen sun samu kulawar da ba su taɓa samu ba, amma lambun da ake taron ƙauye a ciki da falon da ake sasanta rigima sun koma bayan ƙofa mai kwaɗo. A 1995 aka kafa wata ƙungiya musamman don a daina wannan ciniki, sai dai ta zo ne bayan mafi yawan gidajen sun riga sun tafi.

Masu karatu a Abuja sun ga irin wannan lissafi. Bayan gwamnatin tarayya ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka shiga sayar da gidajenta, kuma a Ikoyi da ke Legas gidajen zamanin Turawa da dama sun ba dogayen benaye wuri. Hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, tana da nata jerin. Amma Ilojo Bar, wani gini mai salon Brazil a dandalin Tinubu na Legas wanda aka ayyana tun 1956, an rushe shi a watan Satumban 2016. Bambancin ba a rubuta doka yake ba. A Ingila an ɗaura jerin ne a jikin ofishin da ke ba da izinin gini, ta yadda takardar mai son rushewa dole ta bi ta teburin wanda ya san ginin yana jerin.

Sayo abin da aka watsar

Aikin da ya fi cin kuɗi a Haworth shi ne dawo da abin da gwanjon 1861 da shekarun da suka biyo baya suka tarwatsa. Nicholls ya riƙe rubuce-rubucen matarsa a Banagher fiye da shekara talatin. A 1895 ya sayar da mafi yawansu, suka faɗa hannun wani dillalin littattafai, Thomas James Wise, wanda ya rarraba su gutsure-gutsure ya sayar wa masu tarawa a Ingila da Amurka. Daga baya aka gano cewa mutumin ƙwararren mai buga jabun littattafai ne. Hoton 'yan matan uku da ɗan'uwansu Branwell ya zana sai a 1914 aka same shi a naɗe a saman kabad a Ireland, har yau sawun naɗin yana jikinsa a gidan hotuna na ƙasa da ke Landan. Wani Ba'amurke ɗan Philadelphia, Henry Houston Bonnell, ya yi wasiyya da tarinsa ga ƙungiyar, tarin ya iso jim kaɗan bayan buɗe gidan, shi ne ya zama ƙashin bayan abin da ake da shi.

Farashi kuwa sai hawa yake yi. A watan Nuwamban 2019 ƙungiyar ta biya yuro 780,000 a wani gwanjo a Faris domin wani ɗan littafi da bai fi kwalin ashana ba, wanda Charlotte ta rubuta da hannu a 1830 tana da shekara 14. A 2021 aka haɗa fam miliyan 15 cikin 'yan watanni don hana tarwatsa tarin Honresfield, wanda ya ƙunshi littafin waƙoƙin Emily da hannunta, attajiri Leonard Blavatnik ya ba da rabin kuɗin. Idan aka kwatanta da fam 3,000 da aka sayi gidan ɗungurungum, ko da an yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, za a ga cewa bangon shi ne mai araha.

Teburin da ya dawo a 2015 yana ɗauke da tabon tawada, da ƙunar kyandir, da harafin E da aka sassaƙa a jikinsa. Ɗakin da aka mayar da shi an riga an sake masa fuska a 2013, bayan wani bincike da ƙwararriya Allyson McDermott ta jagoranta, inda aka kankaro ƙananan samfura daga bango da katako aka duba su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka ware fentin zamanin Brontë daga na Wade da na waɗanda suka biyo baya. Aka zaɓi a nuna gidan kamar yadda Charlotte ta bar shi a shekarun 1850, da jan labulenta da takardar bangonta. Zaɓi ne mai hujja, domin wannan zamanin ne ya fi barin shaida, kuma bangon da ta matsa ba zai koma ba. Amma mai ziyara ya kamata ya san cewa Emily da Anne ba su taɓa ganin falon a wannan kama ba.

Kuɗin tafiyar da gidan suna fitowa ne mafi yawa daga tikitin masu ziyara da kantin sayar da tsaraba, da wani tallafi daga hukumar fasaha ta Ingila. Annobar korona ta 2020 ta nuna raunin wannan tsari, domin da aka rufe ƙofa sai da aka fita neman taimako, har magadan mawaƙi T. S. Eliot suka ba da fam 20,000. A 2025, shekarar da Bradford ta riƙe kambun birnin al'adu na Birtaniya, aka buɗe gidan Thornton inda aka haifi Charlotte da Branwell da Emily da Anne, bayan jama'a sun yi karo-karo sun saye shi.

Rigimar da ta fi zafi yanzu ba a cikin gidan take ba, a bayansa take. Daga ƙofar baya hanya ta miƙe zuwa tuddai marasa itatuwa, inda aka kafa alamun hanya har da harshen Japan saboda yawan baƙi daga can, ta kai ga kangon Top Withens da ake dangantawa da Wuthering Heights. A 2023 wani kamfani ya gabatar da shirin kafa injinan samar da lantarki daga iska guda 65, kowanne mai tsawon mita 200, a tudun Walshaw da ke maƙwabtaka da wurin, daga baya ya rage yawansu. Masu goyon baya suna maganar wutar da ba ta fitar da hayaƙi, wadda ƙasar ta yi alkawarin komawa gare ta. Masu adawa, ciki har da masu kare tsuntsaye da ƙasar fadamar tudun wadda ke riƙe iskar da ke ɗumama duniya, suna cewa za a haƙe abin da ake son cetowa. Dokar 1990 ta umarci masu ba da izini su yi la'akari da muhallin ginin da ke jerin, ba ginin kaɗai ba, sai dai ba ta faɗi mil nawa muhallin yake kaiwa ba, tudun Walshaw kuwa yana ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma ce dabam, ta Calderdale.